Yadda Ake Neman Takardun Gida, Gado, Aure da Shari'a a Ofisoshin Gunduma a Amurka

Wanda ɗan'uwansa ya rasu a Amurka ya bar gida, da wanda yake zaune can yana shirin sayen gida, da matar da aka ce ta kawo shaidar aure ko ta rabuwa, matsalarsu ɗaya ce: ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Babu wani ofishi guda a Washington da yake ajiye waɗannan takardu. Galibinsu suna hannun gunduma, wadda Amurkawa suke kira county, kuma ƙasar tana da irinta sama da 3,000, kowace da tsarinta da kuɗin da take caja. Takarda tana zama ne a gundumar da abin ya faru, a ofishin da dokar jihar ta ɗora wa ajiyarta. Idan ka gano waɗannan biyun, sauran aikin cike fom ne da biyan 'yan daloli.

Mataki na farko: tabbatar da gundumar

Kada ka dogara da sunan gari. Birnin Houston yana gundumar Harris ne, wasu unguwanninsa kuma sun shiga Fort Bend da Montgomery. Akwai wata gunduma a Texas mai suna Houston, amma birnin ba ya cikinta. Atlanta ta rabu tsakanin Fulton da DeKalb. A birnin New York kowace shiyya gunduma ce mai zaman kanta, kuma suna yakan canza: Brooklyn ita ce Kings, Manhattan ita ce New York, Staten Island ita ce Richmond, Bronx da Queens ne kawai suka riƙe sunayensu. Birnin Baltimore daban yake da gundumar Baltimore, haka ma St. Louis. A Virginia birane da dama ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, suna da kotunansu da magatakardansu.

Lambar gidan waya ma ba ta raba gardama, domin lamba ɗaya takan ratsa gundumomi biyu. Abin da ya fi shi ne ka saka cikakken adireshin a manhajar gano wuri ta hukumar ƙidaya ta Amurka, kyauta ce, za ta faɗa maka gundumar.

Akwai jihohin da suka fita daga wannan tsari. Louisiana tana kiran nata parish, Alaska kuma borough. A Connecticut da Rhode Island babu gwamnatin gunduma, magatakardan gari ne yake riƙe takardun fili da na haihuwa da na aure. Vermont ma a gari ake rajistar fili.

Sai ka tambayi kanka: wane wuri ne ya shafi takardar da nake nema? Takardar gida tana inda gidan yake. Takardar mutuwa tana inda mutumin ya cika, ko da asibitin wata gunduma aka kai shi. Takardar aure tana inda aka bayar da lasisin auren, ba inda aka yi biki ba. Shari'ar gado ana buɗe ta a gundumar da mamacin yake zaune. Mutum ɗaya zai iya barin takardunsa a gundumomi huɗu.

Mataki na biyu: wane ofishi

A nan mutane suke ɓata lokaci, saboda sunan ofishi ɗaya yana ɗauke da aiki daban-daban daga jiha zuwa jiha. Sunayen dole ka riƙe su da Turanci domin da su za ka yi bincike.

Takardun mallakar gida da na jingina suna ofishin Recorder, wasu wuraren Register of Deeds. A Texas aikin County Clerk ne, wato magatakardan gunduma. A Georgia magatakardan Superior Court ne yake riƙe su, a Maryland kuma magatakardan Circuit Court. Gundumar Cook, inda Chicago take, ta rufe ofishin Recorder ɗinta a watan Disamba na 2020 ta mayar da aikin hannun County Clerk, don haka tsohon bayanin da za ka gani a intanet zai tura ka ofishin da babu shi.

Ƙimar gida don haraji tana hannun Assessor. A Ohio Auditor ne yake wannan aikin, a Texas hukumar ƙiyasi ce da ake kira Appraisal District, a Maryland kuma hukumar jiha ce. Karɓar harajin da lissafin wanda bai biya ba yana ofishin Treasurer ko Tax Collector.

Fayil ɗin shari'a yana wurin magatakardan kotu. A gundumar Harris magatakarda biyu ne: County Clerk yana riƙe da gado da lasisin aure, District Clerk kuma yana riƙe da saki da shari'un laifi, manya da ƙanana. Kotun gado a New York sunanta Surrogate's Court, a Maryland ofishin Register of Wills ne za ka fara zuwa, a Ohio da Georgia kuma Probate Court, wadda ita ce ma take bayar da lasisin aure a jihohin biyu.

Wasu abubuwan ba na gunduma ba ne sam. Rajistar kamfani a yawancin jihohi tana ofishin sakataren jiha. Shari'ar karayar arziki ta kotun tarayya ce, ana duba ta a shafin PACER kan senti 10 kowane shafi, kuma idan abin da ka kashe bai wuce dala 30 a wata uku ba, ba za a caje ka ba. Fayil ɗin shige da fice na gwamnatin tarayya ne. Kuɗin da mamaci ya bari a banki aka daɗe ba a taɓa ba, ofishin dukiyar da ba a nema ba na jihar ake miƙa wa.

Kafin ka shiga kowane shafi, duba adireshinsa. Mafi yawan shafukan gwamnati suna ƙarewa da .gov ko .us, ko da yake wasu gundumomi suna amfani da .org ko .com, wasu kuma sun ba kamfani kwangilar gudanar da rumbun takardunsu. Hanya mafi aminci ita ce ka fara daga babban shafin gundumar ka bi mahaɗin da su suka saka. Shafukan da suke fitowa a sama idan ka yi bincike, masu alkawarin ba ka komai a kan mutum idan ka biya, dillalai ne. Bayanansu kwashe-kwashe ne, sau da yawa tsofaffi, kuma babu kotu ko banki da zai karɓe su.

Mataki na uku: shirya sunan yadda aka rubuta shi, ba yadda kuka san shi ba

Kwamfutar ofishin ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Mohamed da Muhammed mutum ɗaya ne ba. Abdullahi ɗan Nijar zai iya zama Abdoulaye a fasfonsa, Usman ya zama Ousmane, Sa'adatu ta zama Saadatou. Babu ƙ, ɗ, ɓ a rumbunsu, kuma alamar da ke cikin Sa'idu takan ɓace ko ta raba sunan gida biyu. Ɗanladi zai iya fitowa a haɗe, ko a rabe, ko da karan-ɗori a tsakiya. Mutumin da ya shiga ƙasar da sunaye uku, ba ka da tabbacin wanne aka ɗauka sunan dangi. Wanda fasfonsa yake da suna ɗaya tak, wani lokaci za ka tarar an rubuta FNU a gurbin sunan farko, ma'ana ba a san shi ba, kuma wannan yakan bi shi har cikin wasu takardun.

Don haka ka nemi kwafin fasfo ko lasisin tuƙi ka ga ainihin rubutun, sannan ka jera sauran siffofin a takarda. A akwatin bincike ana fara saka sunan dangi. Idan shafin ya yarda, saka haruffa uku ko huɗu na farko kawai domin ya kawo duk masu kama. Mace ka nemi sunanta na kafin aure da na bayan aure.

Kwanan wata a Amurka da wata ake farawa. 03/07/2019 yana nufin 7 ga Maris, ba 3 ga Yuli ba. Wannan kuskuren kaɗai ya isa a dawo maka da amsar cewa ba a samu komai ba, kuma ofisoshi da yawa ba sa mayar da kuɗin bincike.

Binciken gida, daki-daki

Amurka ba ta da takarda guda irin C of O da gwamna yake sa wa hannu ya ce wane ne mai fili. A yawancin jihohi ofishin rajista yana karɓar duk takardar da aka kawo mai sa hannu da hatimin notari, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu, ya buga mata lamba da lokaci, ya ajiye. Ba ya binciken gaskiyarta. Mallaka ana gane ta ne daga jerin takardu, kowace tana miƙa wa ta gaba, kuma aikinka shi ne ka bi jerin ka ga ko ya tsinke a wani wuri.

Fara daga shafin Assessor ka saka adireshin. Zai ba ka sunan wanda ake aika wa takardar haraji, girman fili, shekarar gini, ƙima, da lambar fuloti. Wannan lambar ita ce mabuɗi. A Kalifoniya ana kiranta APN, a gundumar Cook ana kiranta PIN kuma lamba 14 ce, a birnin New York haɗi ce ta shiyya da bulok da fuloti. Rubuta ta daidai, har da sifilin da ke gaba. Amma sunan da ke shafin Assessor ba shaidar mallaka ba ne. Yakan yi watanni bai canza ba bayan an sayar da gida, kuma yakan ci gaba da nuna sunan mamaci shekaru da yawa.

Daga nan ka wuce fihirisar ofishin rajista. Yawanci gida biyu ce: ɓangaren mai bayarwa, grantor, da ɓangaren mai karɓa, grantee. Nemi sunan mutuminka a ɓangaren mai karɓa, za ka ga takardar da gidan ya shigo hannunsa da sunan wanda ya sayar masa. Ɗauki sunan mai sayarwar ka sake nema a ɓangaren mai karɓa, haka za ka yi ta komawa baya. Sannan, kuma wannan ne mutane suke tsallakewa, ka nemi mutuminka a ɓangaren mai bayarwa tun daga ranar da ya saya har yau. A nan za ka ga ko ya jinginar, ko ya sayar, ko ya saka sunan wani a kai.

Kowace takarda tana da lambar shaida: ko lambar kundi da shafi, ko lamba doguwa da takan fara da shekara. Rubuta ta, domin da ita ake odar kwafi. A birnin New York shafin ACRIS yana nuna hoton takardun Manhattan, Bronx, Brooklyn da Queens tun daga 1966 kyauta, na Staten Island kuma sai a ofishin magatakardan Richmond. Maryland ta tara na duk gundumominta a shafi ɗaya na jiha. Gundumomin Kalifoniya da yawa fihirisa kawai suke nunawa, hoton takardar sai ka saya ko ka je da kanka.

Idan takardar ta buɗe, duba irinta. Wadda aka rubuta warranty deed a kanta, mai sayarwa ya ɗauki alhakin cewa gidan nasa ne kuma babu rigima a kai. Quitclaim deed kuwa cewa take yi: duk abin da nake da shi a gidan nan na ba ka, idan ma akwai. 'Yan'uwa da ma'auratan da suka rabu suna yawan amfani da ita, amma ita ce kuma 'yan damfara suka fi so, saboda haka idan ka ga irinta an yi ta gab da rasuwar mai gida ko bayanta, ka kai wa lauya. Duba kuma yadda aka rubuta sunayen idan masu gidan biyu ne. Idan akwai kalaman da ke cewa wanda ya rayu shi ne zai riƙe duka, to kason mamaci ya wuce ga abokin tarayyarsa kai tsaye, ba zai shiga rabon gado ba.

Bayan takardar mallaka sai nauyin da ke kan gidan. Kowace jingina, ko an kira ta mortgage ko deed of trust, ya kamata ka ga takardar sakinta idan an gama biya. Jinginar da ba ta da saki, ka ɗauka bashin yana nan har sai an nuna maka akasin haka. Adadin da ke rubuce a kanta na ranar da aka ci bashin ne, ba ragowar yau ba. Nemi kuma riƙon da ake kira lien: na harajin tarayya, na ɗan kwangilar da ya yi gyara ba a biya shi ba, na ƙungiyar masu gidajen unguwa, na wanda ya yi nasara a kotu. Sanarwar lis pendens tana nufin akwai shari'a a kan gidan yanzu haka, sau da yawa banki ne yake neman ƙwacewa.

Kada ka yi mamaki idan takardar ta ce an sayar da gida kan dala 10 da wasu abubuwa masu daraja. Salon rubutu ne kawai. A jihohin da ake biyan harajin canjin hannu za a iya lissafo farashin daga harajin, a Texas kuwa doka ba ta tilasta bayyana farashi ba.

Ƙarshe, shafin Treasurer. Harajin gida da ba a biya ba shi ne abin da ya fi cinye gidajen mamata waɗanda magadansu suke nesa, domin wasiƙun gargaɗi suna zuwa ne gidan da babu mai buɗe su. Idan bashin ya daɗe, gunduma takan sayar da bashin ko ta yi gwanjon gidan. Ko an riga an yi gwanjon, ka tambayi rarar kuɗin. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Tyler da gundumar Hennepin cewa gwamnati ba ta da ikon riƙe abin da ya haura bashinta. Amma rarar sai an nema, kuma akwai wa'adi.

Fihirisa tana da ranar da ta tsaya, galibi a rubuce a saman shafi. Takardar da aka kai jiya ba lallai ta bayyana yau ba. Binciken da ka yi da kanka ya isa ka san halin da ake ciki, amma bai isa ka biya kuɗin gida a kansa ba. Mai saye ya ɗauki kamfanin binciken mallaka ya kuma sayi inshorarta.

Kotu da gado

Fayil ɗin kotu ana nemansa da lambar shari'a. Idan ba ka da ita, yi bincike da suna a shafin magatakarda ko a kwamfutar da ake ajiyewa don jama'a a cikin ofishin, wadda takan nuna fiye da abin da ke intanet. Buɗe jerin abubuwan da suka gudana a shari'ar, ka zaɓi takardun da kake so. Kada ka ce a kwafo maka fayil ɗin duka, domin da shafi ake caji.

A fayil ɗin gado, abubuwa huɗu suka fi muhimmanci: takardar buɗe shari'ar, wadda take lissafa magadan da aka ambata, wasiyya idan akwai, takardar da kotu ta naɗa wakilin dukiya, da lissafin abin da aka bari. Duba ko sunayen mata da 'ya'yan da suke gida Najeriya ko Nijar suna cikin jerin. Idan babu su, kotu ba ta san da su ba, kuma lokacin yin magana ƙayyadadde ne. Mamacin da bai bar wasiyya ba, dokar jihar ce za ta raba dukiyarsa, ba rabon Musulunci ba. Rashin ganin fayil kuma ba ya nufin babu dukiya: inshorar rai, asusun fansho mai sunan magaji, da asusun haɗin gwiwa duk suna wucewa ba tare da kotu ba, ƙaramar dukiya kuma akan karɓe ta da takardar rantsuwa.

A shari'ar laifi, kamu daban, hukunci daban. Abin da hukumar shige da fice take nema shi ne kwafi mai hatimi na yadda shari'ar ta ƙare. Kuma kada ka ɗora wa mutum laifi don ka ga suna irin nasa. Musa Ibrahim nawa ne a Bronx kaɗai? Sai ranar haihuwa ta dace.

Akwai fayilolin da ba za a buɗe maka ba: na yara, na ɗaukar riƙo, da waɗanda alƙali ya rufe ko aka goge. A New York fayil ɗin saki rufe yake shekara 100 ga kowa in ban da ma'auratan da lauyoyinsu.

Haihuwa, mutuwa da aure

Waɗannan ba kowa ake ba su ba. Texas tana rufe takardar haihuwa shekara 75, ta mutuwa shekara 25, sai ga dangi na kusa. A Florida duk baligi zai iya karɓar takardar mutuwa marar dalilin mutuwa, mai dalilin kuwa sai wanda ya cancanta. Kalifoniya tana bayar da iri biyu, ɗaya ga dangi da wakilansu, ɗaya kuma ga kowa amma an buga mata cewa ba ta aiki a matsayin shaidar mutum. Ohio a buɗe take. A birnin New York hukumar lafiya ta birni ce take bayar da ta haihuwa da ta mutuwa, ta aure kuma ofishin City Clerk. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da shafi da ya jera inda ake nema a kowace jiha.

Tanadi kwafin katin shaida mai hoto da abin da zai nuna dangantakarka da mai takardar. Idan an ce sai notari ya shaida sa hannunka kuma kana gida, ofishin jakadancin Amurka yana wannan aikin da alƙawari da kuɗi. Takardar mutuwa ka nemi kwafi da yawa lokaci guda, domin banki, inshora da kotu kowa zai so nasa.

Auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da lasisin gunduma ba, ba za ka same shi a rajista ba, komai yawan shaidun da suka halarta. Ko an karɓi lasisin ma, sai limamin ya cike ya mayar da shi ofis kafin a yi rajistarsa. Auren da aka ɗaura a Kano ko Maradi kuma ba shi da kwafi a kowace gunduma.

Irin kwafi da yadda ake biya

Kwafi na karantawa daban yake da kwafi mai hatimi. Idan sani kawai kake so, na farko ya isa. Idan wata hukuma za ka kai wa, ka ce certified copy kake so. A Texas magatakardan gunduma yana karɓar dala 1 kowane shafi, hatimi kuma dala 5. Sauran wurare suna da nasu farashin a rubuce a shafinsu, ka duba na yanzu. Idan kwafi mai hatimi ya zo a maƙale, kada ka cire ƙarfen don ka yi fotokwafi, domin wasu ofisoshin za su ƙi karɓarsa.

Ta gidan waya, ofisoshi da yawa money order suke so, wato takardar biyan kuɗi da ake saya a gidan waya ko banki, ko cek na bankin Amurka, tare da ambulan mai adireshinka da kan sarki. Wanda yake wajen ƙasar ya fi masa sauƙi ya biya da kati a intanet ko ya wakilta wani da ke can. Wasu shafukan gunduma ba sa buɗewa daga ƙasashen waje, ba layinka ne ya lalace ba. Idan za ka buga waya, New York tana bayan Najeriya da Nijar da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi, Houston da Chicago kuma ka ƙara awa ɗaya. Da safensu layi ya fi sauƙi. Ma'aikacin zai faɗa maka fom da kuɗi, amma doka ta hana shi ba ka shawarar lauya, kada ka ɗauka wulaƙanci ne.

Sabon mai gida zai iya samun wasiƙa mai kama da ta gwamnati tana neman kuɗi masu yawa don a aiko masa kwafin takardar gidansa. Kamfani ne, kuma kwafin 'yan daloli ne a ofishin rajista. Abin da ya fi amfani shi ne rajistar faɗakarwa da gundumomi da yawa suke yi kyauta, wadda za ta aiko maka saƙo duk lokacin da aka shigar da takarda da sunanka.

Takardun da sai an rubuta buƙata

Rahoton 'yan sandan gunduma, izinin gini, binciken tsaftar gidan abinci, kwangila: waɗannan sai an rubuta buƙata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 1966, wadda ake kira FOIA, hukumomin tarayya kawai ta shafa, don haka ka ambaci dokar jihar. A New York sunanta FOIL, ofishi yana da kwanakin aiki 5 ya amsa ko ya ce ya karɓa, kwafi senti 25 ne kowane shafi, kuma kana da kwana 30 ka ɗaukaka ƙara idan an hana ka. Illinois ma kwanakin aiki 5 ne, shafi 50 na farko kyauta. Kalifoniya kwana 10, Georgia kwanakin aiki 3. A Texas idan ofishi yana son ya riƙe takarda, sai ya nemi hukuncin babban lauyan jiha cikin kwanakin aiki 10. Virginia da Tennessee da wasu 'yan jihohi mazaunansu kawai suka wajabta a amsa wa, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 2013, don haka a can sai ka nemi mazaunin jihar ya rubuta.

Wasiƙar da Turanci za ka rubuta ta, gajera. Faɗi takardar da kake so, adireshi ko lambar rahoto, da tsakanin wace rana da wace rana. Nemi a turo ta imel, ka kuma ce a sanar da kai kafin kuɗi ya wuce adadin da ka yanke. Takarda za ka nema, ba amsar tambaya ba: idan ka ce me ya sa aka rushe ginin, ba dole ba ne su amsa, amma idan ka ce a ba ka umarnin rushewa da rahoton mai duba gini, dole su duba. Idan sun hana, ka nemi su rubuta sashen dokar da suka dogara da shi, su kuma ba ka ragowar bayan sun toshe abin da yake sirri.

Kai takardar gida

Hatimin gunduma kaɗai ba lallai ya gamsar da kotu ko banki a Najeriya ba. Tambayi wanda zai karɓa tun farko me yake buƙata. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta taƙaita tantance takardu zuwa hatimi ɗaya, saboda haka hanyar doguwa ce: kwafi mai hatimi daga gunduma, tantancewar sakataren jihar, tantancewar ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙananan ofisoshinta a New York da Atlanta. Kowane mataki hatimin wanda ya gabace shi yake tabbatarwa, idan ka tsallake ɗaya na gaba zai dawo maka da ita. A birnin New York akwai ƙarin mataki: lokacin odar takardar haihuwa ko mutuwa sai ka nemi a haɗa da wasiƙar da ake kira letter of exemplification, sannan magatakardan gunduma ya tantance kafin a kai wa jiha. Wanda zai kai Nijar, Kamaru ko Chadi ya tanadi fassarar Faransanci daga mai fassarar da kotun can ta amince da shi, ya kuma tambayi ofishin jakadancin ƙasar tsarin da suke bi kafin ya fara biyan kuɗin hatimi.